Waiwaye: Yadda tsofaffin mashaya siga a Legas suka dawo daga rakiyar Havana

A wani ofishin canji da ke Ikeja akwai wani dattijo, mutumin Katsina, da ya haura shekara talatin a Legas. A ƙarƙashin teburinsa yana da wani akwatin katako mai ƙamshi, da ɗan agogon auna danshi manne a murfinsa. Da can akwatin nan ba ya rabo da siga, wato tabar nan mai kauri da ake naɗe ganyenta da hannu, babu takarda, babu audugar gindi. Ranar da ya buɗe mini shi, ƙwaya uku kacal na gani a kwance, sai tarin zobban takarda da ya ɓare daga wuyan waɗanda ya sha a shekarun baya. Na ce, "Alhaji, kasuwa ce ta ja baya?" Ya ce kasuwa na nan da godiya, abin ne ya fita daga ransa.

Ni dai ba mashayi ba ne, kuma ba zan ba kowa shawarar farawa ba. Taba taba ce ko da zinariya aka naɗe ta, kuma likitoci sun gama magana kan dajin baki da na maƙogwaro. A cikin Hausawan Legas ma 'yan tsiraru ne a wannan harka, yawanci 'yan kasuwar da tafiye-tafiye suka kai su Landan ko Dubai, kuma ba sa kunna ta inda surukai ko liman zai gani. Amma ƙorafin Alhaji ba nasa ne shi kaɗai ba. Tsofaffin mashaya da masu rubuta sharhi kan siga a ƙasashe da dama suna yin irinsa, kuma tushensa ya girmi faɗuwar naira.

A 1960 gwamnatin Fidel Castro ta ƙwace masana'antun taba na Kyuba. Iyalan da suka mallake su suka watse zuwa Jamhuriyar Dominika da Nikaraguwa da Honduras, da iri a aljihu da sunan gida a baki. A Fabrairun 1962 Shugaba Kennedy ya sa wa Kyuba takunkumin ciniki, bayan da kakakinsa Pierre Salinger, kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, ya tara masa siga 1,200 ta Havana, babban birnin Kyuba, kafin ya sa hannu. A dalilin haka aka samu siga mai suna Montecristo biyu, Partagás biyu, daga baya har Cohiba biyu: ɗaya ta Kyuba, ɗaya kuma da ake naɗewa a wata ƙasa don kasuwar Amurka. Suna ya rabu da gona ke nan. Mai saye yana biyan kuɗin suna, ganyen kuwa sai ya kunna zai san na ina ne.

Gargaɗin farko ya fito ne daga cikin gida. A 1989 Zino Davidoff, ɗan kasuwar Geneva da ya daɗe yana hulɗa da Kyuba, ya sa aka ƙone siga sama da dubu ɗari da ya ce ba su kai a sayar ba, daga baya kuma kamfanin ya kwashe aikinsa zuwa Dominika.

Sai aka shiga shekarun hauka. A 1992 Marvin Shanken ya fara fitar da mujallar Cigar Aficionado a Amurka, tana ba kowace siga maki cikin ɗari, tana sa hotunan taurari da taba a baki. Abin ya zama yayi. Zuwa 1997 Amurka kaɗai na shigo da siga ta naɗin hannu sama da miliyan 400 a shekara, ninkin-ba-ninkin abin da take shigowa da shi shekara biyar kafin nan. Matsalar ita ce ganyen taba ba ya jin gaggawa. Bayan an tsinke shi sai an shanya a rumfa makonni, a jibge shi ya yi zufa ya huce, a ajiye shi shekaru kafin ɗacinsa ya kwanta. Da kowa ya buɗe masana'anta, sai aka riƙa naɗe ɗanyen ganye ana sa masa zobe mai kyalli. A 1998 kasuwar ta rufta. Kyuba ita ma ta matsa wa ma'aikatanta lamba a ƙarshen shekarun, har aka riƙa samun akwatin da rabin abin da ke ciki ya toshe, ka ja ka ja hayaƙi ya ƙi fitowa, sai a farkon shekarun 2000 suka kawo na'urar gwada iska a masana'antu. Alhaji ya ce a wancan zamanin ya koyi huda siga da tsinken sakace.

Maganar maki kuwa ita ce ta fi ci wa masu sharhi rai. Mujallar ta ce masu ɗanɗanonta ba sa ganin sunan abin da suke sha, ana cire zobe tukuna. Duk da haka tsofaffin hannu na cewa maki ya taru wuri guda, kusan komai yana yawo a kewayen casa'in, har lambar ta daina faɗa wa mai saye wani abu. Da intanet ta zo, masu sharhi suka yawaita, da yawansu kuma kamfanoni ne ke aika musu kaya kyauta. To, wanda aka ciyar da shi da wuya ya ce miya ba gishiri. A ganina nan ne amana ta fara tsagewa, tun kafin a zo kan farashi.

Mallaka ma ta yi ta canja hannu. An kafa kamfanin Habanos a 1994 don sayar da sigar Kyuba a duniya. A 2000 kamfanin Altadis ya sayi rabinsa, a 2008 Imperial na Ingila ya haɗiye Altadis, a 2020 kuma Imperial ya sayar da ɓangaren, rabin Habanos ya koma hannun masu jarin da ke da alaƙa da Hong Kong. A wannan tsakanin ne aka ɓullo da dabarar "ta musamman". Daga 2000 Kyuba ta fara fitar da siga mai zobe biyu da ake cewa ta shekara ɗaya ce, ba za a sake ba, sauran kamfanoni suka bi sahu, har ta kai kowane wata da tasa ta musamman ɗin.

Bugun ƙarshe ya zo a 2022, lokacin da Habanos ya daidaita farashin sigogin Cohiba da Trinidad a duk duniya da na Hong Kong. Wasu suka ninka biyu, wasu uku. A Satumbar shekarar guguwar Ian ta rusa rumfunan shanya ganye a Pinar del Río, lardin da ake noma mafi kyawun tabar Kyuba. Kaya suka yi ƙaranci, amma kuɗin shiga ya ƙaru: kamfanin ya ba da sanarwar cinikin dala miliyan 827 a 2024, kuma Sin ce babbar kasuwarsa. Tsohon mai saye ya gane cewa ba da shi ake lissafi ba.

A Legas abin ya zama duka biyu. A farkon 2022 dala ba ta kai naira 600 ba a wajen 'yan canji, a 2024 ta haura 1,500, kuma babu wanda ya fi Alhaji sanin wannan lissafi tunda da shi yake kwana. Ga kuma jabu. Ya ce wani abokin cinikinsa ya taɓa kawo masa tsarabar Cohiba a akwati mai murfin gilashi, yana ta murna. Duk wanda ya san harkar ya san Kyuba ba ta yin irin wannan akwati. Ya yi godiya, da baƙon ya tafi ya tsaga guda da reza: guntayen ganye ne da jijiyoyi, kamar sharar ƙasan masana'anta. Ta gaskiyar ma ajiye ta a garin nan aiki ne. Tana son danshi wajen kashi 65 zuwa 70, damina ta sa ta kumbura ta yi fumfuna, na'urar sanyaya ɗaki ta busar da ita, in wuta ta ɗauke kwana biyu zafi ya ƙyanƙyashe ƙwaron da ke huda ta.

Dokar jihar Legas ta 2014 da ta tarayya ta 2015 sun taƙaita shan taba a bainar jama'a, don haka harkar ta koma ɗakunan shaƙatawa na Victoria Island da Lekki. A can yanzu matasa masu sabon kuɗi ne suka fi yawa, kuma abin da ke ba dattawan haushi shi ne yadda ake juya zoben ya fuskanci kyamara, a ɗauki hoto don Instagram, a bar rabin sigar ta mutu a faranti.

Da yawa sun koma ta Nikaraguwa, wadda ake naɗewa a garin Estelí, suna cewa ta fi tabbas. A wajen Kyuba ma manyan kamfanoni na sayen ƙanana: a 2023 Scandinavian Tobacco Group ya sayi kamfanin Alec Bradley. Alhaji shi ya fi son mai rigar ganyen Kamaru, wai ko ba komai na maƙwabta ne. Ukun da suka rage a akwatin tun kafin 2022 ya saye su. Ya ɗauki guda ya matsa ta a hankali kusa da kunne, ya shinshina, ya mayar. Sai wani yaro ya leƙo yana tambayar nawa ake sayen fam yau.