Shagulgulan Kirsimeti a makarantun firamare na Ingila

Shagulgulan Kirsimeti a makarantun firamare na Ingila su ne wasanni da waƙe-waƙe da aikin hannu da fita waje da ake shirya wa yara 'yan shekara 4 zuwa 11 a makonnin ƙarshe na zangon farko. Zangon yana farawa ne a farkon Satumba, a rufe makaranta 'yan kwanaki kafin 25 ga Disamba, a tafi hutun kusan mako biyu. Tsakiyar hunturu ke nan. A Landan rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, yara suna isa gida duhu yana shigowa, shi ya sa kyandir da fitilu suke da yawa a cikin al'adar.

Abin yana da tushe a doka. Dokar Ilimi ta 1944 ta wajabta wa makarantun gwamnati yin taron ibada kullum, ta 1988 kuma ta ce yawancin tarukan su bi tafarkin Kiristanci, amma an bar wa iyaye ikon janye ɗansu. Ban da haka, wajen ɗaya cikin huɗu na makarantun firamare na ƙasar suna ƙarƙashin Cocin Ingila ne.

Wasan haihuwar Yesu

Wannan shi ne ƙashin bayan shagulgulan, kuma galibi ƙananan azuzuwa ake ba shi. Ana haɗa labarin ne daga Linjilar Luka da ta Matiyu: mala'ika Jibrilu ya zo wa Maryamu da albishir, ita da Yusufu suka tafi Baitalami, ba su sami masauki ba, ta haihu ta kwantar da jaririn a komin dabbobi, makiyaya suka zo, sannan masana taurari daga gabas da kyautar zinariya da lubban da mur. Linjila ba ta faɗi yawan masanan ba. Kyautar ce uku, daga nan aka ɗauki adadin.

Akan danganta asalin nuna haihuwar a fili ga Faransis na Asisi, wani waliyyin Kiristoci, wanda a 1223 ya shirya komi da ciyawa da sa da jaki masu rai a ƙauyen Girecho na Italiya. A Ingila ma an daɗe ana irin wannan, domin tun ƙarnonin tsakiya ƙungiyoyin masu sana'a a biranen Yok da Cesta suna nuna labaran Littafi Mai Tsarki a kan tituna.

Kayan wasan na gida ne. Makiyayi yakan sa rigar barci, ya yafa tawul ɗin goge kwanuka a kai, a ɗaure da igiya. Mala'ika farin zanen gado ne da fukafukan kwali. 'Yar tsana ce jaririn. Matsalar malama ita ce yawan yara: doka ta ƙayyade ajin ƙananan yara kada ya wuce 30, labarin kuwa manyan rawarsa ba su kai goma ba. Don haka sai a ƙirƙiro tumaki da raƙuma da taurari da masu masauki bi da bi, kowanne ya leƙo ya ce babu wuri, har kowa ya sami abin yi. Nan ne darajar wasan take. Ga yara da yawa wannan ne karo na farko da za su tsaya gaban zaure cike da manya, su ɗaga murya, su jira lokacinsu ya zo. Yaron da ya yi mako uku yana haddace jimla guda ya koyi abin da allo ba ya koyarwa.

Kiristingil

Makarantu da dama sukan kai yara cocin unguwa don ibadar Kiristingil. Kowane yaro yana riƙe lemon zaƙi mai wakiltar duniya, an kafa kyandir a kansa alamar Yesu hasken duniya, an ɗaura jan ƙyalle alamar jininsa, an soka tsinke huɗu ɗauke da alewa ko busassun 'ya'yan itace don lokutan shekara huɗu da albarkar ƙasa. Al'adar ta samo asali ne daga Cocin Morabiya a Jamus a 1747. Ƙungiyar The Children's Society ce ta yaɗa ta a Cocin Ingila daga 1968, inda aka fara a babban cocin birnin Linkon, don tara wa yara marasa galihu taimako.

Fita kallon fantomayim

Babbar fita ta wannan lokaci ita ce zuwa gidan wasan kwaikwayo kallon fantomayim, wasan barkwanci da kiɗa da rawa da aka gina kan tatsuniyoyi, ciki har da labarin Aladdin da masu karatun Dare Dubu da Ɗaya suka sani. Namiji ne ke fitowa a matsayin tsohuwa mai kwalliyar ban dariya. Ba a zama shiru: in mugu ya fito a yi masa ihu, in ya laɓe a bayan jarumi yara su yi ta kururuwa cewa yana bayanka. Makarantun da ba su iya ɗaukar hayar bas sukan gayyato 'yan wasa su zo su yi a zauren makaranta. Wasu azuzuwa kuma gidan kula da tsofaffi suke zuwa su rera musu waƙoƙin Kirsimeti.

A cikin aji ana yin katin gaisuwa, ana buɗe ƙofa ɗaya kullum a kalandar ƙirga kwanakin jiran Kirsimeti mai ƙofa 24, ana rubuta wa Baba Kirsimeti, dattijon tatsuniya mai kawo wa yara kyauta, wasiƙa, wanda darasin rubutu ne a fakaice. Akwai ranar cin talo-talo da gasasshen dankali, kowa da hular takarda.

Kuɗi da bambancin addini

Tun 2012 ƙungiyar Save the Children ta kafa ranar sa rigar sanyi mai zanen Kirsimeti, yara su zo da ɗan kuɗin sadaka. Niyyar mai kyau ce, amma in aka haɗa riga da kayan wasa da kuɗin fita, nauyin yakan yi wa talaka yawa, yaro kuwa ya san lokacin da ya fita daban. Doka ta hana makaranta tilasta biyan kuɗin fitar da aka yi a lokacin karatu. Gudummawa kawai za ta roƙa, kuma ba za a bar yaro a baya don iyayensa ba su bayar ba. Wasu makarantu suna tara tsofaffin riguna a raba kyauta.

A biranen da Musulmi ke da yawa, irin su Biradfod da Bamingam, iyalai sun sha bamban. Wasu suna barin 'ya'yansu su shiga wasan, ganin cewa Annabi Isa da Nana Maryamu suna da girma a Alƙur'ani, ko da yake Suratu Maryam ta nuna haihuwar a gindin dabino ne. Wasu suna yarda da kati da kallon wasa, su janye yaro daga waƙoƙin da ke kiran Yesu Ɗan Allah. Akwai makarantun da suke yin bikin hunturu kawai, abin da kusan kowace shekara yake jawo muhawara a jaridun ƙasar.