Ƙiba da ciwon faibromayaljiya a tsakanin 'yan Hisfanik na Amurka

Akwai ciwon da ke sa mutum ya tashi da safe kamar an kwana ana dukansa, alhali gwajin jini da hoton ƙashi ba su nuna komai ba. Likitoci na kiransa faibromayaljiya. Jiki ne ke ciwo ko'ina har fiye da wata uku, ga gajiya da mantuwa, barci kuma ba ya wartsakarwa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce manya kusan miliyan 4 ne ke fama da shi a Amurka, mata sun ninka maza.

'Yan Hisfanik, wato masu asali daga Meziko da sauran ƙasashen da ke jin Sifaniyanci, suna cikin waɗanda abin ya kamata ya dama. Ƙididdigar CDC ta 2017 zuwa 2020 ta nuna kashi 45.6 cikin ɗari na manyansu na da ƙibar da ta kai 30 a awon BMI, wato ma'aunin nauyin mutum gwargwadon tsawonsa. Su ne kuma suka fi kowace babbar al'umma rashin inshorar lafiya a ƙasar. Matar da ke wuni tana goge-goge a otal, ba inshora, ba Turanci sosai, sau da yawa sai ta ɗauka gajiyar aiki ce, ta sha maganin ciwon jiki ta ci gaba.

Ba ƙiba kaɗai ke kawo ciwon ba, siraran mutane ma na kamuwa. Amma tana hura masa wuta. Wani bincike a Norwe da aka wallafa a 2010 ya gano cewa mata masu nauyi fiye da kima sun fi haɗarin kamuwa da kashi 60 zuwa 70. Kitse na fitar da sinadaran kumburi cikin jini, nauyi na danne gwiwa da ƙugu, mai teɓa kuma yakan yi minshari har numfashi ya riƙa ɗaukewa. Wanda bai samu barci ba, ciwonsa sai ya ƙaru. Mai ciwo kuwa ba ya son motsi, sai nauyin ya daɗa hawa.

Abin da na fi so a lura da shi shi ne maganin kansa. Pregabalin, wanda aka amince da shi a Amurka don wannan ciwo a 2007, yana iya sa ƙiba, haka ma amitriptyline. Duk wanda ya ga yana ƙara nauyi bayan fara su, kada ya daina da kansa, ya koma wurin likita a duba ko za a sauya.

Motsa jiki shi ne abin da ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai ta fi ƙarfafawa. Sai dai a bi a hankali, don wanda ya zage lokaci guda zai kwana biyu a kwance. A fara da tafiyar minti goma, a ƙara kaɗan kowane mako, a rage lemon kwalba. Idan abokin kwana ya ce kina minshari mai yankewa, ki faɗa wa likita a yi miki gwajin barci.