Kwaikwayo ko asali: abin da dokar Amurka ta ce kan tawagogin resilin masu kama da juna

Tun shekarar 1987 masu kallon resilin ke gardama a kan tawagar Demolition. Wasu na cewa tawaga ce mai cin gashin kanta, wasu na cewa kamfanin WWF ne ya ga Road Warriors suna tashe a wurin abokan hamayyarsa, shi ma ya ƙera nasa. Road Warriors, wato Hawk da Animal, sun haɗu a jihar Jojiya a 1983: ƙarti biyu da fenti a fuska, da aski mai tukku, daga baya suka ƙara da rigar kafaɗa mai tsinin ƙarfe. A watan Janairun 1987 sai ga Ax da Smash a WWF da sunan Demolition, su ma ƙarti, su ma da fenti, sanye da baƙaƙen kayan fata masu ƙusoshi. Kafin shekarar ta ƙare kuma, a wani kamfanin daban, ga Powers of Pain, Warlord da Barbarian, waɗanda har askinsu irin na Hawk da Animal ne.

Mai kallo yana tambayar wa ya fara. Kotun Amurka, inda kusan duk wannan rigima ke zuwa, ba nan take farawa ba. Abu uku take dubawa: mene ne takamaimai aka ɗauka, sunan wa ke kan takarda a matsayin mai shi, kuma shin jama'a sun ruɗe har sun ɗauki wannan a matsayin wancan.

Dabara ba ta da mai ita

Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976, a sashe na 102(b), ta ce ba a mallakar dabara ko tsari ko hanyar yin abu. Abin da ake mallaka shi ne siffar da mutum ya fitar da dabarar a cikinta, ya rubuta, ya zana ko ya ɗauka a faifai. "Ƙarti biyu masu fenti da ke ragargaza abokan karawa cikin minti uku" dabara ce, kowa na iya ɗauka. Haka "samari biyu kyawawa masu dogon gashi da saurin motsi": Fabulous Ones sun yi a garin Memfis a 1982, Rock 'n' Roll Express suka biyo a 1983 a gari ɗaya, Shawn Michaels da Marty Jannetty suka fito da sunan Midnight Rockers a 1986, babu wanda doka ta hana.

Akwai ƙarin abin da ke raunana hujjar "mu muka fara". Idan ɓangarorin biyu rijiya ɗaya suka ɗebo ruwa, ɗaya ba zai ce ɗayan ya sace masa ba. Sunan Road Warriors kansa daga fim ɗin Mad Max na biyu ya fito, wanda aka saki a 1981, kayan fata da ƙusoshi da abin rufe fuska da Demolition ke shigowa da su ma a can ake ganinsu. Doka tana kare abin da kai ka ƙara ne kawai, ba abin da ka tarar ba.

Salon kayarwa ma haka yake. Hukumar rajistar haƙƙin mallaka ta Amurka ba ta karɓar motsin wasannin motsa jiki a matsayin aikin fasaha. Saboda haka Doomsday Device, inda ɗaya ke ɗora abokin karawa a wuya ɗayan ya diro daga igiyar sama ya make shi da hannu a wuya, kowace tawaga na iya yin sa, kuma da yawa sun yi. Sunan da aka laƙaba wa salon ne kaɗai ake iya yi wa rajista.

To yaushe ne halitta irin ta dandali ke samun kariya? Tun a 1930 alƙali Learned Hand ya shimfiɗa ƙa'idar: gwargwadon yadda aka fayyace halitta dalla-dalla, gwargwadon kariyar da za ta samu. Wadda aka bari dishi-dishi, kowa ma na iya kama da ita.

Shari'ar Diesel da Razor Ramon

Babu inda wannan ƙa'ida ta fito fili kamar rigimar 1996, kuma ita ce ta fi cancanta a tsaya a kanta. Scott Hall da Kevin Nash sun yi suna a WWF a matsayin Razor Ramon da Diesel. Da kwantiraginsu ya ƙare suka koma WCW, kamfanin Ted Turner. Ranar 27 ga Mayun 1996 Hall ya ɓullo ta cikin 'yan kallo a shirin Nitro na WCW, ba a faɗi sunansa ba, amma ga gashi a kwance da mai, ga tsinken sakace, ga karin harshen nan na Razor. Makonni biyu bayan haka Nash ya bayyana. Su biyun suka zama tawagar Outsiders, kuma labarin da ake sayar wa jama'a shi ne wasu daga waje sun kawo mamaya.

Titan Sports, kamfanin da ke da WWF a lokacin, ya shigar da ƙara a kotun tarayya ta jihar Konetikat. Hujjarsa kashi biyu ce. Na farko, an ɗauki halittun da shi ya ƙirƙira. Na biyu, an bar jama'a suna zaton har yanzu mutanen WWF ne. Gudun wannan zargi na biyun ne ya sa a wasan Great American Bash na watan Yuni, Eric Bischoff, mai tafiyar da WCW, ya tambaye su a bainar jama'a ko WWF suke wa aiki, suka ce a'a. Ba don nishaɗi aka yi tambayar ba, aikin lauya ne.

A 1997 kotun ta ƙi korar ƙarar haƙƙin mallaka a kan Diesel. Abin da ya taimaki Titan shi ne ya lissafa halittar ɗaya bayan ɗaya: gemu, baƙin wandon fata, falmaran ta fata mai ƙusoshin azurfa da tuntaye, baƙar singileti, safar hannu marar yatsu a hannun dama, tabarau. Ba "dogon mutum mai baƙaƙen kaya" ya ce ba. A lura, kotu ba ta ce WCW ta yi laifi ba. Cewa ta yi akwai abin da za a saurara. An sasanta a shekarar 2000, a watan Maris na 2001 kuma WWF ya sayi sunan WCW da wasu kadarorinsa.

Ana cikin wannan shari'a WWF ya yi abin da har yau ake dariyarsa. A watan Satumbar 1996 ya sa wa Rick Bognar kayan Razor Ramon, ya sa wa Glenn Jacobs na Diesel, ya fito da su da waɗannan sunaye. A watan Disamba har suka nemi kambun tawaga a hannun Owen Hart da British Bulldog. 'Yan kallo suka yi ta musu ihu, domin kama da wane ba ta wane. Amma a idon doka, su ne halastattun Razor Ramon da Diesel, Hall da Nash kuwa ba su da ikon amsa sunayen. Bayan Royal Rumble na 1997 aka jingine abin, Jacobs ya koma Kane. Wato ainihin mutumin da ya yi suna da halitta shi ne zai iya zama mai kwaikwayo, idan takarda ba ta hannunsa.

Suna da tambari

Mafi yawan rigingimun ba kan kamanni suke ba, kan suna ne, kuma dokar da ke aiki a nan ita ce dokar Lanham ta 1946 kan alamar kasuwanci. Ma'auninta ɗaya ne: shin mai saye zai iya ruɗewa kan inda kaya ya fito? Kotunan yankin da Konetikat take suna auna abu takwas da aka tsara tun 1961, ciki har da ƙarfin alamar, kusancin kamanninsu, ko kasuwa ɗaya suke ci, ko an sami wanda ya ruɗe da gaske, da kuma niyyar wanda ya zo daga baya.

A ɗora Demolition a kan wannan sikeli. Suna daban, kamfani daban, kiɗan shigowa daban, zanen fuska daban, salon gamawa daban. Sun riƙe kambun tawaga na WWF kwana 478, daga Maris 1988 zuwa Yulin 1989, tarihin da ya tsaya har tawagar New Day ta karya shi a ƙarshen 2016. Da Hawk da Animal suka shigo WWF a 1990 da sunan Legion of Doom, aka haɗa su faɗa da Demolition, kuma babu mai tikiti da ya kasa bambance su. A ra'ayinmu, wanda ya ce Road Warriors ne suka buɗe wa Demolition kasuwa ya faɗi gaskiya, amma kalmar kwaikwayo a ma'anar doka ba ta hau kansu ba.

Ƙarar da aka yi da gaske a kan Demolition daga cikin gida ta fito. Bill Eadie, wato Ax, da Randy Colley, wanda ya fara zama Smash kafin a maye gurbinsa da Barry Darsow saboda 'yan kallo sun gane shi ne Moondog Rex, sun kai WWF kotu suna cewa su suka kawo dabarar. Eadie da ya bar kamfanin sai da ya koma amsa Axis the Demolisher.

Haka ta faru da Dudley Boyz. A kamfanin ECW suka yi suna, ECW ta durƙushe a 2001, WWE (sunan da WWF ya koma a 2002 bayan asusun kare namun daji mai irin haruffan ya kayar da shi a kotun Landan) ya sayi kadarorinta. Da 'yan tawagar, Bubba Ray da D-Von, suka bar WWE a 2005 aka aiko musu da wasiƙar lauya cewa sunan Dudley ba nasu ba ne. Suka shiga kamfanin TNA a matsayin Team 3D, Brother Ray da Brother Devon. Teburin da suke fasawa da mutane bai canza ba, salon gamawarsu bai canza ba, suna kawai aka karɓe. Tawagar The Revival ma da suka bar WWE suka koma kamfanin AEW a 2020 sun zama FTR, kowannensu da sabon suna.

Barkwanci yana da nasa sassaucin. A 2003 wata kotun tarayya a Pensilbeniya ta ba kamfanin riguna Big Dog gaskiya a kan WWE, bayan ya zana taurarin resilin a siffar karnuka, domin mai hankali zai gane tsokana ce. A 2021 kuma masu taya alƙali yanke hukunci a Teksas suka ƙi amincewa da ƙarar ɗan resilin Booker T, wanda ya ce wani soja a wasan bidiyo na Call of Duty kwafin halittarsa G.I. Bro ne.

Inda ake yin asara: kwantiragi

Kwantiragin WWE yana raba dukiyar fasaha gida biyu. Abin da ɗan wasa ya shigo da shi ana lissafa shi a wata takarda da ke maƙale da kwantiragin. Kamfani na amfani da shi muddin ana tare, in an rabu ya koma wa mai shi. Duk abin da aka ƙirƙira bayan sa hannu, suna ne, kirari ne, kaya ne, na kamfani ne har abada, ko da ɗan wasan ne ya kawo shawarar. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin wannan takarda ba a cike ta sosai ba. Abin da ba a rubuta ba, sai an sha wuya kafin a tabbatar an shigo da shi. Matt Hardy ya shafe kusan duk 2017 yana ja-in-ja da Anthem, masu kamfanin Impact (wato TNA), kan halittarsa mai suna Broken, har ya fara amfani da Woken a WWE kafin a sakar masa haƙƙin.

Tawagar da ke son riƙe sunanta sai ta fara da binciken kundin USPTO, ofishin rajistar alamar kasuwanci na Amurka, ba sunan da ya yi daidai kaɗai ba, har da masu kama da shi a furuci. Sannan ta nemi rajista a rukuni na 41, na nishaɗi, da rukuni na 25, na tufafi, domin a riga ake samun kuɗi kuma rajistar ɗaya ba ta rufe ɗayan. Kuɗin nema dala 350 ne kowane rukuni tun Janairun 2025. Idan sunan yana nuni ga wani rayayyen mutum, ko da sunan dandali ne, sai an haɗa da rubutacciyar yardarsa. Rashin wannan takarda ya sha tsayar da buƙatun kamfanoni. Bayan jami'i ya amince ana wallafa sunan, a ba masu ƙorafi kwana 30. Tsakanin shekara ta biyar da ta shida dole a kawo shaidar ana amfani da shi, daga nan kuma sabuntawa duk shekara goma.

Zanen fuska ana iya kare shi idan tsayayye ne kuma jama'a sun san shi da kai. Mawaƙan KISS sun yi wa nasu rajista. Wanda ke canza zane kowane dare, kamar yadda tawagogin fenti da yawa ke yi, da wuya ya ce ga alamarsa. Tambari da kiɗan shigowa kuwa a yi musu rajistar haƙƙin mallaka da wuri. A Amurka ba a shigar da ƙara sai da rajista, kuma diyyar da doka ta ƙayyade, daga dala 750 zuwa 30,000 kan kowane aiki, har zuwa 150,000 idan da gangan aka yi, tana samuwa ne ga wanda ya yi rajista kafin satar ko cikin wata uku da fitar da aikin.

Matsalar da ta keɓanta ga tawaga ita ce rabuwa. A 1988 an sami Midnight Express biyu a kamfani ɗaya: Bobby Eaton da Stan Lane tare da manajansu Jim Cornette, da kuma Dennis Condrey da Randy Rose da ke kiran kansu na asali, kuma da gaskiyarsu, domin suna cikin waɗanda suka kafa tawagar. A lokacin an mayar da abin labarin dandali aka ci kuɗinsa. Yau lauya zai ce abokan biyu su buɗe ƙaramin kamfani, shi ya riƙe sunan, a rubuta wa zai ci gaba da shi idan ɗaya ya tafi, ya ji rauni ko ya mutu, da kason kowa a kuɗin riguna. In ba a rubuta ba, kowannensu na iya hana ɗayan motsi.

Alamar kasuwanci tana mutuwa idan aka daina amfani da ita. Shekara uku a jere ba a yi ciniki da suna ba, doka na ɗauka an yi watsi da shi, sai mai shi ya kawo hujjar yana da niyyar dawowa. Shi ya sa manyan kamfanoni ke ci gaba da buga riguna da 'yan tsana na tawagogin da suka watse tun shekaru talatin, su kuma tsofaffin 'yan wasa da lauyoyinsu ke zuba ido a kan kundin rajista, suna jiran ranar da wa'adin sabuntawa zai wuce ba a biya ba.