Kwanakin da fim ba ya nunawa

Duk mai kallon finafinan Hausa ya san wurin nan: yaro kwance a gadon asibiti, likita ya fito yana girgiza kai, ya ce sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa shi. Uba ya fita a gigice, ya sayar da babur, ya durƙusa gaban wani Alhaji, kiɗan tausayi na tashi. Mu ma'aikatan lafiya ma muna kallo, wani lokaci har da ƙwalla. Sai dai masu shirya fim daga ƙarshe suke ɗauko labarin. Ranar da uwar ta ce, "Malam, jikin yaron nan da zafi," shi kuma ya ce, "A karɓo mai farasitamol a kemis mu gani," ba a nuna ta, don ba ta da armashin kallo. Daga ranar kuwa kuɗin ke fara taruwa.

Zazzaɓin cizon sauro, in an kawo yaro da wuri, ɗigon jini ne a yatsa, cikin minti 20 sakamako ya fito, sai ƙwayoyi na kwana 3, a asibitin unguwa. In aka bar shi har jini ya ƙone, ido ya yi fari, jijjiga ta zo, sai mu rubuta takarda zuwa Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Can ga gado, ga allurai, ga ƙarin jini, ga abincin masu jinya, ga kwanakin da maigida bai fita kasuwa ba.

Nan Sakkwato muna da shaida mafi ɗaci: asibitin yara masu cutar noma, wadda ke cin fuska. Da kumburin dasashi da warin baki take farawa ga yaron da tamowa ko baƙon dauro ya raunana, galibi ɗan shekara 2 zuwa 6. A matakin nan maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki na tsayar da ita. Kwanaki kaɗan ne tsakanin haka da kunci ya huje, kuma yawancin waɗanda ba a yi wa magani ba ba su rayuwa. Aikin gyaran fuska a asibitin kyauta ne, amma yaro kan sha tiyata fiye da ɗaya.

Iyayena maza, abin da ya fi ɓata muna lokaci ba talauci ba ne kaɗai. Izini ne. Maigida ya tafi Illela ko Acida cin kasuwa, waya ba ta shiga, uwa na zaune da yaro yana suma tana jiran a ce ta fita. Ka gaya wa iyalinka tun yau, gaban mahaifiyarka in tana gidan: duk sa'ar da yaro ya yi zafi, ya ƙi nono, ko zawo ya kama shi, ta tafi asibiti ko ba ka nan. Ka bar mata kuɗin kabu-kabu a wurin da ta sani.

Rigakafi kyauta ne. Haka maganin kariyar zazzaɓi da ake bi gida-gida da damina, wata-wata, ga yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Na ranar farko a gaban ma'aikata ake sha, na kwana biyun da ke biye a hannunku yake, kuma nan ne ake sakaci. Ka tambaya da dare, "An ba shi na yau?" Sannan ka shigo asibitin mazaɓarku ka nemi bayani kan rijistar iyali a shirin taimakekeniyar lafiya na jiha, wanda hukumar SOCHEMA ke gudanarwa. Ka zo da katin rigakafin yaran, mu duba wanda ya tsallake allura.