Tsara Sahihin Gwajin Kimiyya a Makaranta

Sahihin gwaji shi ne wanda aka tsara ta yadda idan sakamako ya fito, abu ɗaya tak ne zai iya zama sanadinsa. A darasin kimiyya ana kasa abubuwan gwaji gida uku: abin da ɗalibi zai canja da hannunsa, abin da zai auna, da sauran abubuwan da dole a bar su yadda suke daga farko har ƙarshe. Kashi na ukun nan shi aka fi yi wa sakaci, kuma ta nan gwaji ya fi lalacewa.

Gwajin lilo ya isa misali. Ana ɗaura ɗan ƙarfe a bakin zare a rataye, a tambaya ko tsawon zaren yana shafar lokacin da lilon zai ɗauka ya je ya dawo. Tsawon kaɗai ake canjawa, daga santimita 25 zuwa 50 zuwa 100, ana aunawa har tsakiyar ƙarfen. Ƙarfen guda ne, kuma kowane karo daga wuri ɗaya ake sakinsa, ba tare da an ja shi da nisa ko an tura shi ba. Lilo mai santimita 25 yana ɗaukar kusan daƙiƙa 1, mai mita 1 kuwa kusan daƙiƙa 2. Matsalar ita ce yatsan mai riƙe da agogo yana makara da kusan daƙiƙa 0.2, wanda ba ƙaramin kuskure ba ne a awon daƙiƙa guda. Shi ya sa ake ƙirga zuwa da dawowa 10 a jere, sannan a raba lokacin gida 10.

Wasu tambayoyin sai da abin kwatance, wato kashin da ba a yi masa komai ba. A shekarar 1668 likitan Italiya Francesco Redi ya so ya gano ko naman da ya ruɓe ne da kansa ke haifar da tsutsa, sai ya zuba nama a kwalabe, ya bar wasu a buɗe, ya toshe wasu. Da aka ce rashin iska ne ya hana tsutsa a waɗanda aka toshe, sai ya rufe wasu da ƙyalle shara-shara. Tsutsa ta fito a naman da ƙuda ya samu sauka a kai kawai. Ba don kwalaben da ya rufe ba, da bai iya nuna cewa ƙwan ƙuda ne asalinta ba.

Awo ɗaya ba ya zama hujja. A makarantu an saba maimaitawa aƙalla sau 3 a fitar da matsakaici. Idan wani adadi ya yi hannun riga da 'yan uwansa, kada a goge shi. A rubuta, a nemi dalili, a sake aunawa. Sai dai maimaitawa ba ta gyara sikelin da bai fara daga sifili ba, domin kowane karo kuskure iri ɗaya zai bayar, lambobin su yi ta dacewa da juna alhali duk ba daidai ba ne.

Abu mai rai ya fi wuyar sha'ani, tunda ƙwayar iri biyu ba sa zama ɗaya. Don haka ake shuka da yawa a kowane kashi, a kuma raba su ta hanyar ƙuri'a, kada hannu ya karkata ya tara manyan a gefe guda. Masanin ƙididdiga Ronald Fisher ne ya kafa wannan tsari lokacin da yake aiki a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila daga 1919 zuwa 1933.

Tun kafin a taɓa kayan aiki ya kamata a zana jadawalin sakamako, a rubuta matakai dalla-dalla yadda wani rukunin ɗalibai zai iya bi ya samu abin da aka samu. "A zuba ɗan ruwa" ba umarni ba ne. "A zuba mililita 20 kowace safiya" shi ake iya maimaitawa.