Waiwaye: yadda gumaka suka shiga ɗakin ibadar Bani Isra'ila ta hannun masu riƙe da makulli

Duk wanda ya yi Islamiyya ko makarantar Lahadi ya san labarin ɗan maraƙi. Annabi Musa (AS) ya tafi ganawa da Ubangiji kwana 40, kafin ya sauko mutanensa sun narkar da kayan ado sun ƙera gunki suna zagaye shi. Yawancinmu nan muke tsayawa, alhali nan ne ma labarin ya fara, domin abin ya ci gaba shekaru ɗaruruwa har sai da Kudus ta ƙone, kuma in ka bi shi daki-daki zaka ga ba kasafai talaka ke fara kawo gunkin ba.

Tun a maganar maraƙin akwai saɓani. Alƙur'ani, a Suratu Ɗaha, ya ce Samiri ne ya ƙera, Annabi Haruna ya hana suka ƙi ji har suka kusa kashe shi kamar yadda ya zo a A'arafi. Littafin Fitowa da ke hannun Yahudawa da Kirista kuwa, sura 32, Haruna ɗin ya ɗora wa, abin da Musulmi ba zai karɓa ba. Amma duka biyun sun haɗu a waje ɗaya da ni ya fi ɗaukar min hankali: ba wanda ya fito ya ce mun bar Allah. A Alƙur'ani cewa suka yi wannan shine abin bautarku kuma abin bautar Musa, a Fitowa kuma shela aka yi cewa gobe idi ne na Ubangiji. Wato gunkin da sunan Allah aka shigo da shi. Haka kuma abin ya yi ta maimaituwa.

Da suka shiga ƙasar Kan'ana sai suka tarar da wata matsala ta ciki. A Masar kogin Nilu ke shayar da gona, nan kuwa sai ruwan sama, in damina ta yi gardama an shiga uku. Maƙwabta Kan'aniyawa suna da Ba'al wanda suke cewa shi ke da hadari da tsawa, da Ashera ta haihuwa da yabanya. Toh makiyayi ya koma manomi, yana koyon noma wajen maƙwabci, sai ya kwaso har da tsafin gonar, ya ce ai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, bari a riƙe Ubangiji a kuma ɗan taɓa Ba'al ko da tsiya. Aikin firistoci da Lawiyawa, wato zuriyar da aka ware don hidimar ibada, shine su taka wa wannan birki. Ga yadda suka yi.

Akwai wani labari a littafin Mahukunta sura 17 da 18 da ni dai ban ga wanda ya kai shi tona asiri ba. Wani mutum Mika a tuddan Ifraimu ya saci azurfa 1,100 na uwarsa, ta yi ta tsinuwa, tsoro ya kama shi ya dawo da su, ita kuma don murna ta ware 200 ta ba maƙeri ya yi gunki, wai na Ubangiji. Ana haka sai ga wani saurayi Balawi daga Baitalami yana yawon neman inda zai ci abinci. Mika ya yi masa tayi: azurfa 10 a shekara, da sutura, da tuwo. Ya amsa nan take, bai ko tambayi me gunki yake yi a ɗakin ba. Mika har yana cewa yanzu na san Allah zai yi min albarka tunda na samu Balawi. Bayan wani lokaci mayaƙan kabilar Dan su 600 suka biyo ta gidan suka kwashe gumakan, malamin ya buɗe baki zai yi magana suka ce rufe bakinka ka biyo mu, wanne ya fi, limancin gida ɗaya ko na kabila guda? Littafin ya ce zuciyarsa ta yi fari. Shi da kansa ya rungumi gunkin ya shige tsakiyar ayari, an ƙara masa albashi. A ƙarshen labarin aka faɗi sunansa, Yonatan ɗan Gershom, kuma rubuce-rubuce da dama sun ce Gershom ɗin ɗan Musa ne, har masu kwafe littafin na baya suka rataya wani harafi a saman sunan don a karanta Manassa maimakon Musa, kunya ta hana su faɗa.

Sai Shilo, inda akwatin alkawari yake, Tabutun nan da Suratul Baƙara ta ambata. Eli ne babban firist, tsoho mai kirki amma 'ya'yansa Hofni da Finehas sun gagare shi. Mutum ya taho daga ƙauye da dabbarsa ta hadaya, nama na kan wuta a tukunya, sai yaron firist ya zo da cokali mai yatsa uku ya caka, duk abin da ya fito na oga ne. Daga baya ma suka raina dafaffe, suka ce ɗanye suke so na gashi tun kafin a ƙona kitsen da yake rabon Ubangiji, in mai hadaya ya ce a ɗan jira sai a ce ka bayar ko a ƙwace. Ga kuma lalata da matan da ke hidima a ƙofar wurin. Eli ya yi musu faɗa irin na uban da baya son ɓacin ran 'ya'yansa, bai tsige kowa ba. Da Filistiyawa suka ci su a yaƙi sai aka ce a ɗauko akwatin a kai fagen fama kamar laya, aka kashe mutum 30,000, Hofni da Finehas suka mutu, aka tafi da akwatin, Eli mai shekara 98 ya ji labari ya faɗo daga kujera wuyansa ya karye. Shi ma Annabi Sama'ila (ba Isma'ila ɗan Ibrahim ba) da ya gaje shi, wanda ba a taɓa kama shi da ko allura ba, 'ya'yansa Yowel da Abiya da ya naɗa alƙalai a Biyasheba cin hanci suka shiga, shine ma hujjar da dattawa suka kawo suka ce a naɗa musu sarki. Daga nan Ɗalutu, sarkinsu na farko, ya samo asali.

Zuwan sarauta bai gyara ba, sai dai ya ba malamai sabon ubangida. Littafin Sarakuna ya ce matan Sulaiman sun karkatar da shi a tsufansa, Alƙur'ani kuma ya wanke shi ƙarara a Baƙara aya ta 102. Abin da tarihi ya riƙe shine bayan rasuwarsa, wajen shekara ta 930 kafin haihuwar Annabi Isa, masarautar ta rabu biyu, Isra'ila a arewa, Yahuza a kudu. Sarkin arewa Yerobowam ya yi lissafi irin na ɗan siyasa, ya ce in mutanena suka ci gaba da zuwa Kudus ibada wata rana zuciyarsu za ta koma can su kashe ni. Sai ya yi maraƙan zinariya guda 2, ɗaya a Betel ɗaya a can Dan ɗin da Balawin nan ya kafa gida, ya ƙirƙiro nasa idin a wata na 8, ya naɗa firistoci daga duk wanda ya ga dama. Wanda sarki ya naɗa kuwa ai sarki yake kallo kafin ya yi magana.

Zamanin Ahab, wani sarkin arewa, abin ya kai maƙura. Ya auri Yezebel 'yar sarkin Sidon, ta zo da Ba'al ɗinta, annabawan Ba'al 450 da na Ashera 400 suna cin abinci a teburinta. Nan Annabi Iliyasu ya fito, wanda Suratus Saffat ta kawo tambayarsa ga mutanensa, shin Ba'al kuke kira ku bar mafi kyawun masu halitta? A dutsen Karmel ya ce musu har yaushe za ku yi ta ɗingishi tsakanin ra'ayi biyu. Amma ni wanda ya fi ban tsoro ba 'yan Ba'al bane, waɗancan 400 ne da Ahab ya tara kafin yaƙin Ramot Gileyad, masu magana da sunan Ubangiji, kowa na cewa tafi za ka ci nasara, wani Zedekiya har ƙahonin ƙarfe ya ƙera yana nuna yadda za a tunkuyi Suriyawa. Mutum ɗaya ya rage, Mikaiya, ɗan aiken da ya je kiransa ma sai da ya ja masa kunne a hanya cewa kowa ya faɗi alheri kai ma ka bi sahu. Ya faɗi gaskiya, ya sha mari, aka kulle shi. Ahab ya ɓad da kama ya shiga yaƙin, wata kibiya da aka harba ba da saiti ba ta same shi ta mahaɗin sulke, kafin rana ta faɗi ya cika.

Wajen 760 Amos, makiyayi daga Tekowa, ya je Betel yana faɗa a kan masu sayar da talaka a kan kuɗin takalmi. Firist Amaziya ya kai ƙararsa fada, sannan ya ce masa koma Yahuza ka ci abincinka can, nan wurin ibadar sarki ne. Kaji fa, na sarki. Shi a tunaninsa kowa ma don abinci yake wa'azi. Annabi Mika na wannan ƙarnin (ba mai gunkin nan ba) ya taƙaita shi, shugabanni na shari'a don hanci, firistoci na koyarwa don lada, annabawa na duba don kuɗi, kuma duk suna cewa ai Ubangiji na tare da mu. A 722 Assuriyawa suka share Samariya, babban birnin arewa.

Masu tonon ƙasa sun samo abubuwan da suka yi daidai da wannan gauraye. A Kuntillet Ajrud cikin Sina'i, a tonon 1975 zuwa 1976, an ga rubutu na wajen shekara ta 800 kafin haihuwar Annabi Isa ana sa albarka da sunan Yahweh (sunan Ubangiji a Ibrananci) na Samariya da Asherarsa, a haɗe. A gidajen Yahuza an tono ɗaruruwan 'yan mutum-mutumin mata na yumɓu. A wani ɗakin ibada a Arad kuma, binciken da aka wallafa a 2020 ya gano ragowar tabar wiwi a kan ƙaramin bagade, wato wurin ƙona hadaya, lubban a kan babban. Allah dai ya san me ake ji a ɗakin nan lokacin ibada.

Kudu ma bata tsira ba. Sarki Ahaz ya je Dimashƙu gaida sarkin Assuriya, ya ga wani bagade ya burge shi, ya aiko da zanensa, kafin ya dawo firist Uriya ya gama gina irinsa a haikali, babban ɗakin ibadar Kudus, ba ko tari. Sarki Hezekiya ya yi gyara, har macijin tagulla na zamanin Musa ya farfasa don an koma ƙona masa turare, amma ɗansa Manassa da ya yi shekara 55 a kan mulki ya dawo da komai, ya kafa Ashera a cikin haikalin, ya ƙona ɗansa hadaya. Kwarin Hinnom da ake wannan ƙona yaran a gefen Kudus, Ge-Hinnom, masana harshe da yawa na ganin daga nan kalmar Jahannama ta samo tushe. A 622 lokacin sarki Yosiya ana gyaran haikali firist Hilkiya ya tsinci littafin shari'a, aka karanta wa sarki ya yage rigarsa. A ce littafin ya ɓace a cikin ɗakin da aka gina dominsa, a hannun mutanen da aikinsu kenan!

Yosiya ya rushe abin da ya rushe amma bayan mutuwarsa a 609 aka koma gidan jiya. Annabi Irmiya, shi ma ɗan gidan firistoci ne, ya kwatanta yadda ake yi a titunan Kudus, yara na tara itace, iyaye maza na hura wuta, mata na kwaɓa gari a yi wa wata gunkiya da suke kira sarauniyar sama waina. Firist Fashur ya sa aka yi masa duka aka sa shi a turu. Hananiya, wani mai da'awar annabci, ya cire karkiyar itacen da Irmiya ya rataya a wuya alamar bautar Babila ya karya a gaban jama'a ya ce cikin shekara 2 an gama da Babila, wata 2 bayan nan shi ya mutu. Ezekiyel, wani firist ɗin, ya ba da labarin wahayin da ya ga dattawa 70 a ɗaki mai duhu kowa da kaskon turare gaban zane-zanen dabbobi, da wasu wajen 25 sun juya wa haikali baya suna sujada ga rana. Duk wannan tonon silili su da kansu suka rubuta suka adana, ba abokan gaba ba, kuma wannan ba ƙaramin abu bane. A 586 Bukhtanasar sarkin Babila ya ƙone haikalin, aka kwashi mutane zuwa Babila.

Ko a nan wasu ba su saduda ba. Waɗanda suka gudu Masar suka ja Irmiya tare da su sun gaya masa a fuska cewa lokacin da muke yi wa sarauniyar sama turare muna ƙoshi, tunda muka daina ne bala'i ya same mu. Waɗanda suka dawo daga Babila kuwa suka sake gina haikali wajen 516, gumakan sun ja baya sosai, ba a ƙara jin Ba'al kamar da ba. Sai ga Annabi Malakai yana faɗa da firistocin sabon ginin, wai makauniyar dabba da gurguwa da mara lafiya suke karɓa suna ɗorawa a bagade, suna hura hanci suna cewa aikin nan ya ishe mu. Ya ce musu su ɗauki irin dabbar su kai wa gwamnansu su ga ko zai karɓa.