Shingen Gona da Tsaron Iyaka a Ƙasar Bauchi da Gombe

Shingen gona shi ne duk abin da manomi ya kewaye gonarsa da shi don tare dabba ko mutum, na ƙaya ne, ko na kara, ko itace mai rai, ko waya. Iyaka kuwa ita ce inda gonar wani ta ƙare ta wani ta fara, kuma sau da yawa ba shinge a kanta, sai dai alama. A baki akan haɗa su, amma a gaban alƙali ba ɗaya ba ne. Shinge kan faɗi a tayar da shi ba wanda ya ji, iyaka kuwa in ta gusa taku ɗaya an shiga shari'a.

A Bauchi da Gombe, waɗanda jiha ɗaya ce daga 1976 har ranar 1 ga Oktoba 1996 da aka cire Gombe, yawancin gonakin gero da dawa da masara a buɗe suke. Abin da ke tsare su shi ne lokaci da sanin juna: da damina dabba ake ɗaurewa, da rani gona ake killacewa.

Damina da rani

Da zarar shuka ta fito, mai unguwa kan sa a yi shela kowa ya kama dabbarsa. Awaki da tumaki su koma turke ana yanko musu ciyawa, ko a haɗa su garke a ba makiyayi ya fita da su ta burtali da safe ya dawo da su da yamma. A wannan lokaci laifin ɓarna na mai dabba ne, ko da gonar ba ta da ko tsinke a gefenta. Bayan an kwashe amfani sai a sake dabbobi, gonaki su zama makiyaya ta kowa, shanu su ci kara da ƙarmami su bar taki. Daga nan nauyi ya juya. Wanda yake da abin da zai kai rani a ƙasa, kamar rogo, rake, lambun albasa da tumatir ko dashen mangwaro, shi zai nemi ƙaya. Shi ya sa garkar rogo ba ta rabuwa da shinge.

Rikici ya fi yawa a tsakanin lokutan biyu, daga Oktoba zuwa Janairu. Gero ya shiga rumbu amma dawa na tsaye, wake bai gama bushewa ba, auduga kuma, wadda ƙasar Gombe ta yi suna da ita, tsinta ake yi har cikin sanyi. A daidai nan garkunan da suka yi damina a arewa suke gangarowa kudu neman ruwa da ɗanyar ciyawa. Gwamnatin Gombe ta sha sanar da hana baƙin makiyaya shigowa har sai an gama girbi, tare da hana kiwon dare da bai wa ƙananan yara sanda. Wani abin da ya sauya lissafi shi ne kara da harawa sun zama kuɗi. Abin da a da ake bar wa shanu kyauta, yanzu tarawa ake yi a kan bishiya ko a sayar da shi a tsaye.

Alamun iyaka

Alamar da ta fi yawa ita ce gamba. Ana barin gindinta jere a kan iyaka, tana mutuwa da rani ta tofo da ruwan farko, kuma da kaka a yanke ta a saƙa zana. A fadama jema ce ke wannan aiki, saboda saiwarta na nutsewa ƙasa, ambaliya ba ta tumɓuke ta. A arewacin Bauchi, wajen Katagum da Gamawa da Zaki, kaba ma alama ce. A ƙasar duwatsu, irin su Dass da Tula, duwatsun da aka tsince daga gona su ake jerawa a gefe. Akwai kuma manyan itatuwa, kuka da tsamiya da ɗorawa da kaɗanya, waɗanda dattawa ke rantsuwa da su: daga tsamiyar nan zuwa wancan suri. Sai dai itace na iya zama na wani gonar kuma ta wani, musamman inda aka raba gado ko aka sayar da gona aka tsame ɗorawar da ke ciki.

Cin iyaka ba ya zuwa da hayaniya. Mai garmar shanu ya zo huɗa, ya kai gefe, ya ga kunya ɗaya ba za ta dami kowa ba, ya kwantar da bakin garma a gindin gamba. Baɗi ya ƙara wata. Cikin shekara biyar gambar ta mutu, kunya biyar ta koma hannunsa, maƙwabcin kuwa yana Legas ko Fatakwal yana neman kuɗi. Tarakta ta fi muni, domin direban haya ba ɗan garin ba ne, bai san wace ciyawa ce shaida ba, kuma yana bukatar wurin juyawa. Gonar marayu da ta mata da ta wanda ya yi nisa su suka fi fuskantar wannan. Masu hali kan kira safiyo ya auna ya kafa turakun siminti masu lamba, amma gonakin ƙauye da yawa har yau takardarsu ita ce ƙwaƙwalwar dattawan unguwa.

Ire-iren shinge

Mafi sauƙi shi ne na ƙaya. A saro rassan magarya ko farar ƙaya ko bagaruwa ko sarƙaƙiya, a ja su da ƙugiya, a kwantar gindi na ciki kai na waje, a danne. Yana tare akuya sosai a shekarar farko. Aibinsa biyu ne: gara da masu neman itacen girki suna cinye shi kafin shekara ta zagayo, kuma kowane sabuntawa saran daji ne. Danga ko darni, wato shingen karan dawa da ake ɗaurewa a jikin dirkoki, ya fi dacewa da ƙaramar garka kusa da gida. Saniya mai yunwa tana cin sa, wuta kuma ba ta masa da wasa.

Shinge mai rai shi ne wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa, don shi kaɗai ne yake ƙara ƙarfi da tsufa. Sarkinsu a ƙasar yashi aguwa ce. Ana yanko rassanta tsawon kamu ɗaya zuwa biyu da bazara, a ajiye su a inuwa 'yan kwanaki farin ruwan nan mai danƙo ya tsane, sannan a haƙa rami mai tsawo a jera su kusa da kusa, a mayar da ƙasa a tattake. Ba a ba ta ruwa. Wanda ya jira damina ta zauna kafin ya dasa, ruɓewa za ta yi masa. Kafin shekara biyu ta haɗe, tana tare iska da yashi ban da dabba. Bini da zugu ma daga reshe yake kamawa kuma dabbobi ba sa cin ganyensa, amma 'ya'yansa guba ne, yaran da suka ci kan kamu da amai da gudawa, don haka bai dace da bakin hanyar makaranta ba. Dashi yana da ƙaya kuma reshensa dirka ce da ke yin saiwa. Lalle da zogale shinge ne kuma abin sayarwa, ko da yake zogale shi kansa sai an tsare shi daga akuya. A kudancin Bauchi da tsaunukan Tangale ana ganin kyarana, doguwa mai ƙaya, wadda ruwanta in ya shiga ido yana iya makantarwa. Shinge mai rai yana da nasa haraji: yana cin wuri, yana shan ruwan kunyar da ke kusa da shi, maciji na samun mafaka, kuma in an dasa shi daidai kan layi ba da sanin maƙwabci ba, shi kansa ya zama abin ƙara.

Waya mai ƙaya ta masu kuɗi ce, lissafi kaɗai ya isa ya nuna haka. Gona hekta ɗaya mai kusurwa huɗu daidai kewayenta mita 400 ne. Layi uku na waya mita 1,200 ke nan, dirka kuma in an bar mita uku tsakani ta haura 130. Layi uku saniya yake tarewa, akuya ta ƙasa take bi, sai an ƙara layi ko an cusa ƙaya. Dirkar ƙirya ta fi jure gara, wasu kuma sukan babbake gindin dirka ko su shafe shi da baƙin mai kafin su binne. Ta ƙarfe da ta siminti ba ruwansu da gara, amma ta ƙarfe da wayar kanta suna da kasuwa wurin 'yan gwangwan.

Gyara aikin ƙarshen kaka ne, kafin a sake dabbobi: a zagaya da ƙafa, a toshe kafar da akuya ta buɗe, a share ciyawa ta kowane gefe saboda gobarar daji.

Burtali da labi

Burtali hanyar dabbobi ce tsakanin gonaki, daga gari zuwa makiyaya ko mashaya, kuma a al'ada masu gonakin da ke gefensa su ke shinge shi. Labi ya fi shi faɗi da tsawo, shi ne wanda garkuna ke bi daga wata ƙasa zuwa wata. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, kuma Wawa-Zange da ke yankin Dukku da Funakaye, mai faɗin sama da hekta 140,000, tana cikin manyan makiyayun ƙasar nan. Yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1998 ta amince wa makiyaya ƙetara iyakokin ƙasashe da takardar shaida. A ƙasa kuwa, burtali wuri ne mai taki, don haka yana da farin jini ga fartanya. Inda aka noma shi har ya tsuke, ko mai sabuwar gona ya ja waya ta rufe mashaya, garke ba shi da hanya sai ta cikin shuka. A ganin mai wannan rubutu, shingen da ya toshe hanya shi ne farkon mai shiga gonar wani.

Yadda ake hukunta ɓarna

In manomi ya tarar da dabba a gonarsa, abin da aka sani shi ne ya kora ta gidan mai unguwa ko dagaci, ya kafa shaidu. In ba a kama ta ba sai a bi sawu tun da sassafe kafin rana da iska su ɓata shi. Dattawa su je gonar, galibi da Sarkin Noma da Arɗo, su duba sawun da kashin, su bambance cin daren jiya da na makon da ya wuce ta launin bakin karan da aka gutsura, su ƙiyasta dami nawa ko buhu nawa aka yi asara. Sai ciniki. Sau da yawa manomi kan yafe wani kaso, don mai shanun shi ne zai sauka masa a gona da rani. In abin ya gagara a hau wurin hakimi, ko 'yan sanda, ko kotu. Ƙungiyar Miyetti Allah da ta manoma kan zauna a kwamitocin sulhu na ƙananan hukumomi.

Musulunci ya yi magana a kan wannan dalla-dalla. Suratul Anbiya, aya ta 78 da 79, ta kawo hukuncin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimana a kan gonar da tumaki suka shiga da dare. A Muwaɗɗa Malik akwai labarin raƙumar Bara'u ɗan Azib da ta yi ɓarna a lambun wani, inda Manzon Allah (SAW) ya yanke cewa tsaron lambu da rana na masu shi ne, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu dabbobin ne za su biya. Malaman Malikiyya sun sa sharaɗi: sassaucin rana yana aiki ne in an sake dabbobin nesa da gonaki kuma ba makiyayi tare da su, in ba haka ba makiyayin zai biya. Wanda ya canza alamar iyaka kuwa, hadisin Muslim ya sa shi cikin waɗanda Allah ya la'anta.

Ta fuskar dokar gwamnati, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin mallaka na gargajiya a karkara, har hekta 500 don noma da 5,000 don kiwo. Kundin laifuffuka na Arewa na 1959 ya bayyana kutse a sashe na 342, ɓarnata dukiya kuma a sashe na 326. Kutse ba ya zama laifi sai da niyyar aikata laifi ko tsoratarwa ko cin mutunci ko ɓata wa mai wurin rai, don haka matar da ta ratsa ta gefen gona za ta rafi ba ɗaya take da ɓarawon masara ko mai saran bishiya don gawayi ba. Dokar ba ta bai wa manomi damar sarar dabba ko zuba mata guba ba. Wanda ya yi haka, daga mai ƙara ya koma wanda ake ƙara.

Namun daji

Akwai masu shiga gona da ba a kai su gaban kowa. Ƙauyukan da ke kewaye da dajin Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri suna fama da giwaye, waɗanda ba aguwa ba waya da ke tsayar da su. Masu kula da dajin sun gwada hasumiyar gadi da jera amyar zuma a gefen gonaki, saboda giwa na gudun ƙudan zuma. A bakin tafkin Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola dorina ce ke fitowa da dare ta kwashe shinkafa da masara. Manoman wurin kan kwana a gona da tocila da wuta da bugun gwangwani har asuba, da rana kuma yara su karɓi gadin birai da tsuntsaye.